Kuɗin Sharar Ma'u

Shafi na 17

Masu tare ni da saƙo tun da sassafe, kuna cewa na bar Ma'u a hanya da takarda ƙulle a lalita, to ku sarara mani haka nan, ai ga ta ta iso Kankiya. Wanda ya shigo yau ma ya matso kusa, ba a tsere masa ba.

*

Tun daga Ƙofa har bakin kasuwa, hannun Ma'u bai bar ƙugunta ba. Matan da suka taho tare suna ta kukan tsadar gishiri da atamfa tun bayan yaƙi, ita kuwa in ta ɗan taka sai ta shafa lalitar, ta ji takardar tana nan, ta yi murmushi ita kaɗai.

Duk abin nan ranar cika-ciki ya samo asali. Dawuda ɗan kawunta ne, wato taubashinta, kuma bana ya dawo daga yaƙin Bama. Ita 'yar mace, shi ɗan namiji, don haka ita ke da haƙƙin karɓar kuɗin shara a hannunsa. Ta tafi da tsintsiya da igiya, ta share ƙofar ɗakinsa sama-sama, ta ɗaure masa ƙafa a gaban mutane, ta ce ba ta kwancewa sai ya biya. Shara ai kowa ya san ta, kwabo ce ko ahu, in mutum ya yi bajinta ya ba da sisi. Shi kuwa gogan naka yana dariya ya zaro wata shimfiɗeɗiyar takarda, da hoton wani gini mai tsini da bishiyoyi, ga lamba ɗari rangaɗau a kusurwa. Ya miƙa mata ya ce, "Ungo, baiwata, ki sayi gari."

Ma'u ba kwaɗayin kuɗi ya hana ta barci ba. Bazawara ce mai sana'arta, ƙuli-ƙulinta har Yashe ana zuwa sara. Abin da zuciyarta ta gaya mata shi ne, namiji ba ya ba mace ɗari a shara sai da magana a bakinsa. Ita kuwa, a faɗi gaskiya, tun kafin ya tafi soja take son ɗan banzan yaron nan.

Mahaifiyarta, Inna Kubura, ta ce shirme ne.

"Dawuda? Dawudan da ko gaisuwar mutuwa ya je sai an kore shi saboda dariya? Ɗiyar nan, wasa shike maki. Ga Babba mai awon gyaɗa shina ta aike, mutum mai natsuwa, kin tsaya lashe takarda."

Nan zuciya ta ɗebi Ma'u. A gaban Gajere dillali, ɗan aiken Babba, ta dafa ƙirji ta ce, "Inna, in takardar nan ta kasa sayen ko allura a kasuwar Kankiya, ki karɓi goron Babba. Na yarda."

Ba wanda ya tilasta ta. Bakinta ne ya jawo mata. Shi ya sa yau Gajere ke biye da ita yana tura basukur ɗinsa, wai ya zo ganin ƙwaƙwaf.

"Ma'u, in fa ta tabbata ɗari ce, kar ki manta ni na rako ki."

"Rakiya ko gadi?"

"Duka biyun. Dillali ba shi da maƙiyi."

Kai tsaye ta nufi kantin Bature, inda ake awon gyaɗa. Buhuna jibge har rufi, manoma sun yi layi a gaban sikeli. Akawun kantin, Malam Ɗanmaliki, yana zaune bayan teburin kanta da tabarau a karan hanci da fensir a bayan kunne. Ma'u ta ratsa maza ba ko ɗar, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Malam, canji na kawo."

"Na sule nawa?"

"Ba na sule ba ne."

Ta kwance lalita, ta warware tsumma, ta sake warware wani tsumman, ta shimfiɗa takardar a kan teburin, ta goge ta da tafin hannu.

Kafin akawu ya buɗe baki, layin gyaɗa ya watse, kowa ya zo leƙe.

"La ilaha illallahu! Ɗari!"

"Fam ɗari? A hannun mace?"

"Kai, wannan ba kuɗi ba ne, kuɗi ba su yin faɗi haka."

"Kai ka taɓa riƙe fam biyar ma, da za ka san faɗin ɗari?"

"Ga bishiya nan, irin ta jikin fam guda! Wallahi kuɗi ne!"

Wani tsoho ya ɗauka ya shinshina, ya ce ƙamshin kuɗi take yi. Wani ya ɗaga ta ga rana, bai san abin da yake nema ba, amma ya gyaɗa kai. Har Gajere ya fara gyara hula yana matsowa kusa da Ma'u, yana cewa jama'a su ja baya kar su yaga wa Hajiya dukiya.

Ma'u ta ji kanta ya yi girma. Ta ce a ranta, Inna, da ma kina nan.

Malam Ɗanmaliki ya karɓi takardar. Bai ko juya bayanta ba. Ya cire tabarau, ya dubi Ma'u.

"Baiwar Allah, wani soja ya ba ki?"

"Taubashina."

"Ɗan Bama ne?"

"Shi ne."

Ya ja numfashi. Ya jawo wani aljihun tebur, ya ɗebo takardu cike da hannu, ya watsa a kan teburin. Duk irin tata. Gini mai tsini, bishiyoyi, ɗari, ɗari, ɗari.

Ya nuna mata su da fensir.

"Kin ga waɗannan? Tun da sojoji suka fara dawowa ake kawo mani su. Kuɗin Japan ne, sun buga su sa'ad da suka ci ƙasar Bama. Da aka kore su, kuɗin suka mutu."

"Suka mutu?" Muryar Ma'u ta yi ƙasa. "Malam, kuɗi na mutuwa?"

"Ƙwarai kuwa. Takarda ai alkawari ce ta gwamnatin da ta buga ta. In gwamnatin ta faɗi, wa zai cika? Yarana ke 'yar kasuwa da su a tsakar gida."

"Ko fam guda ba ta yi?"

"Ko anini."

"Allura fa?"

Ya dube ta da tausayi. Ya miƙa hannu cikin kayan kanti ya zaro allura ɗaya daga takardar allurai.

"Ungo, na ba ki kyauta."

"Ba kyauta nike so ba, Malam. Sayar mani za ka yi. Da wannan."

"Kantin ba nawa ba ne. In na sa wannan cikin kuɗin Bature, ni ma gobe gyaɗa zan koma nomawa."

Tsohon da ya shinshina ne ya fara ƙyaƙyacewa, wai shi da ma ya ji warin bai yi masa ba. Sai dariya ta ɓarke. Ma'u ta fizge takardarta ta fita, ba ta ko naɗe ta a tsumma ba.

Ba ta haƙura ba, ku ma kun san halinta. Ta je wurin ɗan koli, ya ce ta kai gaba. Ta je wurin mai gishiri, ta ce ko ƙunshi ba ta yi da ita, ta cika santsi. Mai ƙosai ma cewa ta yi, "Ɗiyata, in yunwa kike ji ɗauki biyu, amma riƙe hotonki."

Gajere na biye, baki har kunne. Hajiyar ɗazu ta koma Ma'u.

"To Ma'u, ido ya gani, kunne ya ji. Ni zan yi gaba, tukuicina na hannun Babba."

"Gajere, tsaya..."

Ina! Ya haye basukur, ya buga ƙararrawa, ya ratsa 'yan tumaki ya miƙe hanyar Kusada, wadda ke kaiwa Ƙofa.

Ma'u ta tsaya tsakiyar kasuwa, takarda dunƙule a hannu. Ba dariyar mutane ce ta fi ƙona mata rai ba, ba ma Babba ba ne, don shi bawan Allah bai yi mata komai ba. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne, ashe Inna ta yi gaskiya. Ashe duk daren da ta kwana tana saƙa da warwara, shi abin wasan yara ya ba ta.

Ta share ido da bayan hannu. Ta juya ta nufi gindin tsamiya, layin maɗinka.

Can ta hango shi. Dawuda zaune a tabarma, keken ɗinkinsa na hannu a kan akwati, wanda ya saya da kuɗin sallamarsa ta soja. Yana juya hannun keken yana ba maƙwabcinsa, tsoho Kabo mai tabarmi, labarin yadda wai sauron Bama ke ɗauke mutum da gidan sauronsa.

Yana ganinta ya washe baki.

"A'a! Jama'a ku tashi, attajirar Ƙofa ta iso! Baiwata, kin sayi garin ko da saura?"

Ta jefa masa takardar a fuska.

Ya ɗauka, ya warware, ya dube ta, ya dubi Ma'u.

"Ba dai... Ma'u, ba dai kanti kika kai ta ba?"

Ta kawar da kai.

Wayyo, sai ya faɗi a kan tabarma. Ya riƙe ciki, yana shure-shure, hula ta yi nata wuri.

"Kabo! Kabo ka ji! Ta kai wa Ɗanmaliki! Wayyo cikina! Ma'u, mu fa da ita muke kunna taba a daji!"

Kabo bai yi dariya ba. Ya taɓa shi da ƙafa.

"Kai, tashi. Dubi fuskarta."

Dawuda ya ɗago. Tun suna yara yake tsokanar Ma'u. Ya sa mata ƙwaro a zane, ya ɓoye mata tulu, ya yi mata waƙar haƙora. Zagi ya sha, jifa ya sha, amma bai taɓa ganin hawayenta ba sai yau.

Ya tashi zaune.

"Ma'u, mi ya faru?"

"Ba komi. Na zo in yi maka albishir ne. Ka huta da baiwarka."

"Ban gane ba."

"Na yi wa Inna alkawari gaban shaida. In takardarka ta kasa sayen ko allura a kasuwar nan, ta karɓi goron Babba. Gajere ya tafi kai labari."

Dawuda ya miƙe tsaye, har ya ture kwandon zare.

"Babba? Wane Babban? Mai awo?"

"Shi."

"Kin haukace? A kan takardar banza kika ɗora aurenki?"

"Ni ban san ta banza ba ce! Na ɗauka..." Sai kuma ta ce a ranta ai an riga an sha kunya, mi ya rage. "Na ɗauka magana ce ka yi mani da ita. Na ce ba mai ba da ɗari a shara sai mai so. Ashe ni kaɗai ke haukana."

Dawuda ya dafe kai da hannu biyu. Ya juya ya dubi Kabo.

"Kabo, ka ji matar nan? Ka ji ta?"

"Ina ji."

"Ma'u, ranar da na sauko daga mota da kakina, mi na ce maki?"

Ta harare shi. "Ka ce in shirya kayan ɗaki, ka gaji da tuwon barikin soja."

"Ke mi kika yi?"

"Na jefe ka da ƙuli."

"A bakin rijiya fa, da kaka ta kama?"

"Ka ce ko akuya ɗaya ce sadakina za ka biya. Wannan ai zagi ne!"

"Zagi? Akuyar tana nan ɗaure a gidanmu! Har ta haihu tana jiran ki!"

Kabo ya tuntsire da dariya, ya toshe baki da hannun riga.

Ma'u ta dubi Dawuda.

"Da gaske kake yi?"

"Da gaske nike tun ranar! Duk sa'ad da na buɗe baki sai ki ce, taubashi ya fara. Na faɗa wa babana, ya ce in bar shi da shirme. Na faɗa wa Gwaggo Kubura, ta bi ni da muciya tana dariya. Garin nan kaf ba mai yarda da ni!"

"To ai kai ne! Kana faɗi kana washe haƙora, wa zai yarda?"

"Haka bakina yake! Ko Bature mai horon soja ya gaji ya ƙyale ni!"

"To takardar fa? Mi ya sa ka ba ni?"

"Kin ɗaure mani ƙafa gaban jama'a, aljihuna ba ko kwabo, duk na zuba a keken nan. Na ce bari in ba ki hoto mai kyau mu yi dariya. Na ɗauka kowa ya san ta." Ya girgiza kai. "Abin da na yi da wasa kin ɗauke shi da gaske. Wanda na yi da gaske kin jefe ni da ƙuli."

Ma'u ta ji dariya na taso mata ta cikin kukan, ta danne. Daɗi ya cika mata ciki, ta nemi gefen tabarmar Kabo ta zauna. Yana sonta. Ɗan banzan nan yana sonta, har da akuya.

Sai kuma ta tuna, daɗin ya koma ciki.

"Ya riga ya wuce, Dawuda. Na ba da baki. Ni ba ni mayar da Inna ƙaramar mutum."

Dawuda ya murza takardar a yatsu. Can ya ce, "Sake faɗa mani alkawarin. Yadda kika faɗe shi."

"In ta kasa sayen ko allura a kasuwar Kankiya."

"Kabo, kasuwa ta tashi?"

"Ina fa, ko mahauta ba su gama ba."

"Nan ina ne?"

"Kasuwar Kankiya."

Dawuda ya kama hannun Ma'u ya danƙa mata takardar. Ya sunkuya ya ɗauki keken ɗinkin, ya dire shi a gabanta. Ya sa hannu a baki ya ƙwala kira irin na 'yan gwanjo.

"Jama'a! Keke na sayarwa! Keken ɗinki lafiyayye, da allurarsa a jiki! Mai saye ya matso!"

Ma'u ta zabura. "Kai! Kana da hankali?"

"Taya."

"Dawuda, abincinka ne! Kuɗin yaƙinka ne kaf!"

"Na ce ki taya, Hajiya, kina tare wa masu saye hanya."

Kafin ka ce mene ne wannan, gindin tsamiya ya cika. Mai ƙosai ta baro kaskonta, ɗan koli ya taho da kayansa a ka, tsohon nan mai shinshina ma ga shi a sahun gaba. Hayaniya ta fito da Malam Ɗanmaliki daga kanti. Da ya ji abin da ake ciki, ya ratso ya dafa kafaɗar Dawuda.

"Samari, ka san takardar nan ba ta sayen ƙwayar gyaɗa?"

"Malam, ni na ɗauko ta daga inda ta mutu."

"Kuma ka yarda ka ba da keke?"

"In mai kaya ya ce ya karɓa, ciniki ya yi ko bai yi ba?"

Akawu ya sosa ƙeya da fensir. "Ya yi."

"To ka tsaya ka shaida."

Duk ido ya koma kan Ma'u. Ta dubi keken, baƙi wuluk da zanen ruwan zinariya, ko ƙura Dawuda ba ya bari ta kwana a kansa. Ta dubi Dawuda. Haƙoran nan dai a waje suke kamar kullum, amma sai ƙara turo mata keken yake yi, ta gani da idonta.

Nan ta yarda. Ba mai yin wasa da abincinsa.

Ta share fuska tas, ta gyara ɗaurin kallabi, ta durƙusa gaban keken. Ta juya hannunsa, ta kara kunne, ta taɓe baki.

"Hm. Ai tsoho ne. Ji yadda shike kuka."

"Albarka!" in ji Dawuda.

Kasuwa ta ɗauki shewa.

"Mai shi ma bai iya ɗinki ba, duk ya lalata shi. Rigar da ya yi wa Kawu hannu ɗaya ya fi ɗaya."

"Albarka! Kawun ne hannunsa ɗaya ya fi ɗaya!"

Kabo har da hawaye. Mai ƙosai ta ce, "Ɗiyata, ki taya kar wata ta riga ki!"

Ma'u ta miƙe. Ta ɗaga takardar sama yadda kowa zai gani.

"Na saya ɗari."

"Na sallama."

"Allah shi sa albarka."

"Allah shi amfana."

Ya karɓa da hannu biyu, ya ninke ta a hankali, ya sa a aljihun ƙirji. Mai ƙosai ta rangaɗa guɗa, 'yan mata masu tallan fura suka amsa. Tsoho mai shinshina ya ce shi fa tun farko ya faɗa ƙamshin kuɗi take, ba a saurare shi ba. Malam Ɗanmaliki ya mayar da tabarau yana girgiza kai.

"Cike da aljihun tebur nike da su, yau kaɗai na ga ɗaya ta sayi abu. In ana neman shaida a Ƙofa, a aiko mani."

Ma'u ta matsa kusa da Dawuda, ta yi ƙasa da murya.

"Yanzu da mi za ka ci abinci?"

"Ƙodago zan nema wurin mai keken. An ce marowaciya ce, amma ta iya tuwo."

"Sai na ga aikinka tukuna."

Kabo ne ya katse su. "Ku kuna nan kuna zuba, Gajere fa da basukur ya tafi."

Suka dubi juna.

Ma'u ta naɗa gammo, ta ce a ɗora mata. Dawuda ya ce nauyi gare shi, ta bari ya ɗauka. Ta ce, "Kayana ne, kar ka taɓa mani." Allah ya taimake su wata motar gyaɗa za ta ɗauko kaya wajen Kusada, direban tsohon soja ne, ya ɗebe su har mararraba. Sauran suka ƙarasa a ƙafa, ta cikin gonakin da aka girbe, ita a gaba da keke a ka, shi a baya yana haki.

"Dawuda."

"Na'am, uwar ɗakina."

"Keke ya raba ni da alkawari. Amma Inna ba ta ba ka ni sai ta yarda da gaske kake. Gwada faɗi in ji. Ba dariya."

Ya tsaya, ya gyara murya, ya ɗaure fuska tamau.

"Gwaggo, na zo neman..."

Ta waiwayo ta dube shi. Ko ƙifta ido ba ta yi ba, ya fashe.

"Ka gani ko!"

"To daina kallona mana! Keke a ka, ido a waje, wa zai iya?"

"Sake!"

Ya sake. Ya kai har "auren" kafin dariya ta ƙwace masa. Ita ma ta kasa riƙewa, suka tsaya tsakiyar hanya suna ƙyaƙyatawa, keke na rawa a kanta, har wani Bafillace mai kora shanu ya ratse ya ba su wuri.

La'asar sakaliya suka shigo Ƙofa. Tun daga bakin rijiya suka jiyo guɗa.

Dariyar ta ɗauke.

Basukur ɗin Gajere na jingine a ƙofar gidan Inna. Takalman maza jere a bakin zaure. Suka bi ta ƙofar baya, ta wajen turken awaki. Tsakar gida cike da mata, Iyatu maƙwabciyarsu a tsakiya da ƙwarya shaƙe da goro, fari da ja.

Tana ganinsu ta saki wata guɗar.

"Ga su nan! Ga taubashin amarya! Dawuda, an rage maka kaya, Babba ya kwashe baiwarka! Kubura ta ce ba mai taɓa goron nan sai ka zo, kai za ka fara ɓarawa ka ba mu dariya, sannan a raba wa gari. Ungo!"

Mata suka matso, kowa baki a buɗe, ana jiran abin da zai faɗa.

Dawuda ya miƙa hannu biyu. Bai ɗauki goro ba. Ƙwaryar ya karɓe gaba ɗaya, ya jawo faifai ya rufe ta, ya ajiye a kan turmi.

"Ba mai cin goron nan."

Aka yi dariya. Iyatu ta ce, "Ya fara!"

"Gwaggo!" Ya ɗaga murya. "Gwaggo Kubura!"

Asabarin ɗaki ya motsa. Inna Kubura ta fito tana gyara mayafi. Ta dubi ɗiyarta da keken ɗinki a ka, gumi har wuya. Ta dubi ƙwaryar da aka rufe. Ta dubi ɗan wanta, wanda ya cire hula ya zube gwiwa biyu a gabanta, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi.

"Ma'u, keken wa kika ɗauko?"

"Nawa ne, Inna. Na saya. Da takardar. Gaban akawun kanti da kasuwa kaf."

Dariyar mata ta fara yankewa ɗaya bayan ɗaya.

Inna ta daɗe tana kallon Dawuda. Ta matso har inuwarta ta rufe shi.

"Dawuda, Babba na zaune a zaure da mutanensa. Dube ni nan, cikin ido. In wannan ma wasan naka ne, faɗa mani yanzu."

Dawuda ya ɗago kai. Ya ja numfashi.

"Gwaggo, na zo neman..."

Ma'u ta runtse ido, ta buɗe ɗaya.

Sai ta ga gefen bakinsa ya fara motsi.